Yadda Ake Nazarin Siyasar Waje ta Ƙasar da Ta Sake Haɗewa: Jamus da Maƙwabtanta

Wannan jagora na ɗalibin tarihi ne ko na kimiyyar siyasa, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wanda aka ba aikin rubutu a kan siyasar waje ta Jamus tun bayan haɗewarta a 1990, haka kuma zai amfani mai sharhi a rediyo da malamin sakandare da ke son ya fahimtar da mutane al'amarin. Hanyar da aka fi bi ita ce a tattaro jawaban shugabanni a jera su bisa shekaru, sai a ce an yi nazari. Shawarata ita ce ka fara daga wajen maƙwabta, domin ƙasar da ta haɗe ta ƙara girma ne dare ɗaya, kuma waɗanda suka fi kowa jin nauyin wannan girma su ne masu iyaka da ita. Mutumin Sakkwato yana da wata dama a nan, don yana zaune a jihar da ke bakin iyaka, ya san abin da ke faruwa da kasuwar Illela da ta Birnin Ƙonni idan hukumomin Abuja da na Yamai suka sami saɓani.

Abu na farko shi ne ka samo taswira ka ƙirga maƙwabtan da kanka. Jamus tana da iyaka ta ƙasa da ƙasashe tara: Denmak daga arewa, Polan da Jamhuriyar Cek daga gabas, Ostiriya da Suwizalan daga kudu, sannan Faransa da Luksambur da Beljiyam da Holan daga yamma. A gefen kowace ƙasa ka rubuta abin da ya taɓa shiga tsakaninta da Jamus, za ka tarar cewa in ban da Suwizalan babu wadda gwamnatin Hitler ba ta mamaye ko ta haɗiye ba tsakanin 1938 da 1945. Bayan haka ka duba yawan jama'a. Jamus ta Yamma tana da mutum wajen miliyan 63, ta Gabas kuma wajen miliyan 16, saboda haka haɗewarsu ta samar da ƙasa mai kusan mutum miliyan 80 a tsakiyar Turai, a lokacin da Faransa da Birtaniya kowacce ba ta kai miliyan 60 ba. Wanda ya ajiye waɗannan abubuwa a gabansa ba zai yi mamakin adawar da Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta nuna ba, ko ɗari-ɗarin da Shugaban Faransa François Mitterrand ya yi. Lamarin ya yi kama da 'yan'uwa biyu da suka daɗe da raba gidan gado da katanga, ranar da suka shirya suka rushe ta, abin da zai fara zuwa zuciyar maƙwabci shi ne inda indararon babban gidan zai riƙa zubar da ruwa.

Daga nan ka tambayi yadda aka yi haɗewar, da yaƙi ne ko da shawara, kuma da yardar wa. Wannan tambaya ita ke rarrabe Jamus da sauran misalai, kuma yana da kyau ka ajiye aƙalla misali biyu a gefe don auna abin da kake gani. Biyetnam ta haɗe ne bayan sojojin Arewa sun shiga Saigon a ranar 30 ga Afrilu 1975, aka kuma ayyana ƙasa ɗaya a 1976. Kafin ƙarshen 1978 dakarunta sun shiga Kambodiya, a watan Fabrairu na 1979 kuma ta gwabza da Sin, ba ta sami shiga ƙungiyar ƙasashen yankinta ta ASEAN ba sai a 1995. Yaman ta haɗe cikin lumana a ranar 22 ga Mayu 1990, amma watanni kaɗan bayan haka ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da amfani da ƙarfi a kan Iraƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, Saudiyya ta fusata, dubban ɗaruruwan Yamanawa masu aiki a can suka koma gida, kuma a 1994 yaƙi ya ɓarke tsakanin Arewa da Kudu. Ita Jamus ba ta da ikon haɗewa ita kaɗai ko da ta so, domin Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya da Faransa suna riƙe da wasu haƙƙoƙi a kanta tun 1945. Katangar Barlin ta buɗe a ranar 9 ga Nuwamba 1989, haɗewa ta tabbata a ranar 3 ga Oktoba 1990, kuma watanni goma sha ɗaya da ke tsakani an shafe su ne ana ciniki da waɗannan ƙasashe huɗu.

Mataki mafi muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne karanta takardun da aka sa wa hannu. Yarjejeniyar da Jamus biyu da manyan ƙasashe huɗu suka ƙulla a Masko a ranar 12 ga Satumba 1990 gajera ce, sashe goma kawai take da shi, kuma ana samun fassararta ta Ingilishi a intanet, saboda haka babu uzuri ga wanda zai yi rubutu a kanta bai karanta ta ba. Ka ɗauki alƙalami ka ware shafi biyu, ɗaya na abin da Jamus ta samu, ɗaya na abin da ta ɗaure kanta da shi. Ta sami cikakken ikon kanta da 'yancin zaɓen ƙawancen tsaron da take so, wanda ya ba ta damar ci gaba da zama cikin NATO, ƙawancen tsaron Amurka da ƙasashen Yammacin Turai, bayan Shugaban Gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Kohl ya shawo kan Shugaban Tarayyar Sobiyet Mikhail Gorbachev a watan Yuli na 1990. A ɗaya shafin kuwa, ta amince cewa iyakokinta sun tsaya inda suke kuma ba za ta nemi ƙasar kowa ba, ta jaddada cewa ba za ta ƙera ko ta mallaki makaman nukiliya da masu guba da na ƙwayoyin cuta ba, ta yi alkawarin rage sojojinta zuwa 370,000, ta kuma yarda cewa ba za a girke sojojin waje ko makaman nukiliya a yankin tsohuwar Jamus ta Gabas ba bayan ficewar sojojin Sobiyet, ficewar da aka kammala a ƙarshen Agusta 1994. Duk abin da Jamus ta yi daga baya, da wannan shafi na biyu za ka auna shi.

A nan ne kuma za ka koyi raba abin da aka rubuta da abin da aka faɗa da baki. Rasha ta daɗe tana cewa an yi mata alkawari cewa NATO ba za ta faɗaɗa zuwa gabas ba. Gaskiya ne cewa a watan Fabrairu na 1990 Sakataren Harkokin Wajen Amurka James Baker ya yi wa Gorbachev magana mai wannan ma'ana yayin tattaunawa, gaskiya ne kuma cewa yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba ta ambaci wani yanki ba in ban da ƙasar Jamus. Ɗalibi mai adalci zai kawo duka biyun, ya bayyana wanda ke da ƙarfin doka da wanda ke da nauyin siyasa, ba tare da ya ɓoye ɗaya don ya ƙarfafa ra'ayinsa ba.

Sannan ka tsaya sosai a kan iyakar Polan, domin a ganina ita ce jarrabawa ta gaskiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an miƙa wa Polan yankuna masu faɗi da a da na Jamus ne, irin su mafi yawan Silesiya da Pomeraniya, aka kori miliyoyin Jamusawa daga gidajensu, aka mayar da kogin Oder da kogin Neisse su zama iyaka. Waɗanda aka kora da zuriyarsu suna da ƙuri'u masu yawa, da yawansu kuma magoya bayan jam'iyyar Kohl ne, shi ya sa ya ja ƙafa a farkon 1990 wajen furta cewa an haƙura da waɗannan yankuna har abada, abin da ya tayar da hankalin Polan, ya kuma sa Faransa ta matsa masa lamba. A ƙarshe an sa hannu kan yarjejeniyar iyaka a ranar 14 ga Nuwamba 1990, aka biyo da ta kyakkyawar maƙwabtaka a ranar 17 ga Yuni 1991, kuma Jamus ta zama cikin manyan masu goyon bayan shigar Polan ƙungiyar NATO a 1999 da Tarayyar Turai a 2004. Ƙasa mai ƙarfi ta haƙura da yankin da miliyoyin 'ya'yanta ke ɗauka a matsayin mahaifarsu abu ne babba, kuma ya dace a yaba shi a fili. Sai dai kada ka rufe babin a nan, domin a 2022 gwamnatin Polan ta wancan lokaci ta nemi diyyar ɓarnar yaƙi da ta kai kimanin yuro tiriliyan 1.3, Jamus kuma ta amsa cewa a wurinta an riga an rufe maganar diyya.

Bayan iyaka sai kuɗi. Kuɗin Jamus ta Yamma, wato mak, shi ne mafi ƙarfi a Turai, kuma babban bankinta ne ke saita hanyar da sauran bankunan nahiyar ke bi ko suna so ko ba sa so. Yarjejeniyar Maastricht da aka sa wa hannu a watan Fabrairu na 1992 ta share fagen kuɗin bai-ɗaya, yuro ya fara aiki a 1999, takardunsa suka shiga hannun jama'a a 2002. Masana tarihi sun saɓa a kan ko sallama mak shi ne farashin da Faransa ta karɓa kafin ta yarda da haɗewa, ko kuwa shiri ne da ke tafe tun da farko haɗewar ta ƙara masa sauri, kuma ya kamata ka nuna wa mai karatu cewa saɓanin yana nan. Abin da ya fi wannan amfani shi ne ka bi sawun abin da ya biyo baya. Tsarin da aka yi don a ɗaure Jamus cikin Turai shi ne ya ba ta babbar murya lokacin da bashi ya durƙusar da Girka daga 2010, inda gwamnatin Angela Merkel da ministan kuɗinta Wolfgang Schäuble suka dage cewa ba za a ba da rance ba sai da tsuke bakin aljihu. An rage albashi da fansho a Girka, rashin aikin yi ya wuce kashi 25 cikin ɗari. Idan ka karanta abin da Jamusawa suka rubuta za ka ji maganar bin ƙa'ida da kare kuɗin masu biyan haraji, idan ka karanta na Girkawa za ka ji maganar wulaƙanci, kuma rubutunka ba zai cika ba sai ka saurari ɓangarorin biyu.

Game da soja, kada ka tsaya ga ƙirga bindigogi, ka nemi sanin wanda ke da ikon tura soja waje. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 Jamus ta ba da kuɗi masu yawa amma ba ta shiga faɗa ba. A ranar 12 ga Yuli 1994 kotun tsarin mulki ta yanke hukunci cewa ana iya tura sojoji wajen yankin NATO a ƙarƙashin tsarin tsaro na haɗin gwiwa, da sharaɗin majalisar dokoki ta amince. Daga nan ka jera shawarwarin da aka yanke ka nemi zaren da ya haɗa su: jiragen yaƙinta sun shiga yaƙin Kosobo a 1999, wanda shi ne faɗanta na farko tun 1945, ta tura sojoji Afganistan suka zauna har 2021, Shugaban Gwamnati Gerhard Schröder ya ƙi bin Amurka zuwa Iraƙi a 2003, a 2011 kuma ta ƙaurace wa ƙuri'ar Kwamitin Sulhu da ta ba da izinin amfani da ƙarfi a Libiya. Wannan jeri ya zo har kusa da mu, domin sojojin Jamus sun yi aiki cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali har zuwa Disamba 2023, suna kuma da sansanin jiragen sama a Yamai wanda suka bari a watan Agusta 2024. Zaren da ni nake gani shi ne ba ta fita ita kaɗai, kullum tana neman inuwar wata ƙungiya, amma ka gwada wannan ra'ayi da hujjojinka kafin ka karɓe shi.

Dole ne kuma ka nemi wurin da ƙasar ta yi kunnen uwar shegu da koken maƙwabtanta, domin nazarin da bai gano irin wannan wuri ba yabo ne kawai. Ga Jamus, wurin shi ne bututun iskar gas na Nord Stream, wanda aka amince da shi a 2005 a ƙarshen mulkin Schröder, ya fara aiki a 2011, ya taso daga Rasha ta ƙarƙashin tekun Baltik kai tsaye zuwa Jamus, ya kauce wa Polan da Yukren. Polan da ƙasashen Baltik sun yi ta gargaɗi cewa wannan zai ba Masko damar matsa musu ba tare da ta taɓa cinikinta da Barlin ba, amma aka ci gaba har da bututu na biyu bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014. Zuwa 2021 fiye da rabin iskar gas da Jamus ke saye daga waje daga Rasha yake zuwa. Sai a ranar 22 ga Fabrairu 2022 Shugaban Gwamnati Olaf Scholz ya dakatar da bututu na biyu, bayan kwana biyu Rasha ta afka wa Yukren, a ranar 27 ga watan kuma ya sanar da ware yuro biliyan 100 don gyara rundunar soja. A nan ina ganin maƙwabtan sun fi ta gaskiya, kuma jinkirin saurarensu ya jawo asara mai yawa. Abin lura shi ne tsoron ya sauya kama: a 2011 Ministan Harkokin Wajen Polan Radosław Sikorski ya faɗa a Barlin cewa ya fara jin tsoron rashin motsin Jamus fiye da ƙarfinta, a yau kuma Lituwaniya da kanta ce ta karɓi birged ɗin sojojin Jamus da aka shirya zai kai mutum kusan 5,000.

Akwai tambaya ta cikin gida da ba a cika yi ba: siyasar wajen wane ɓangare ce ta rayu bayan haɗewa? Jamus ta Gabas ta shiga Tarayyar Jamus ne a matsayin jihohi biyar a ƙarƙashin kundin tsarin mulkin Yamma, ma'aikatar harkokin wajenta ta rushe, jami'an diflomasiyyarta kaɗan ƙwarai aka ɗauka, dangantakarta da ƙasashe irin su Mozambik da Angola kuma ta zama tarihi. Sakamakon yana bayyana a akwatin zaɓe, inda jam'iyyun da ke adawa da tura makamai Yukren suka fi samun karɓuwa a jihohin gabas, har ɗaya daga cikinsu, jam'iyyar AfD, ta zo ta ɗaya a zaɓen jihar Thuringia a watan Satumba 2024.

Wajen neman bayanai, mu a nan mun saba da sashen Hausa na DW, kuma yana da amfani ƙwarai wajen bin labaran yau da kullum, amma ka tuna cewa da kuɗin gwamnatin tarayyar Jamus ake gudanar da tashar, kamar yadda kowace tashar waje da muke saurare take da mai ɗaukar nauyinta. Ka haɗa shi da rubutun yarjejeniyoyin kansu, da jaridun Polan da Faransa da Girka masu shafukan Ingilishi, ka kuma rubuta ranar kowane abu a littafinka tun lokacin da kake karantawa, domin kwashe kwanan wata daga ƙwaƙwalwa shi ke kawo yawancin kurakurai. Wanda ya iya Faransanci, ko yake da aboki daga Ƙonni ko Maraɗi da zai taimaka masa, zai sami ƙofa ta biyu da yawancin ɗalibanmu ba su da ita.

Kwatanta Jamus da Najeriya abu ne da zai zo maka a rai, kuma ba laifi ba ne in ka yi shi da taka-tsantsan. Najeriya ba ta rabu shekara arba'in kamar Jamus ba, yaƙin basasa ta yi na wata talatin wanda ya ƙare a Janairu 1970, saboda haka haɗewar ba iri ɗaya ba ce. Inda kwatancen ke da amfani shi ne matsayin babbar ƙasa a tsakiyar ƙanana. Bayan yaƙin, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fahimci cewa tsaronta yana rataye da yardar maƙwabta, ganin cewa Nijar a ƙarƙashin Diori Hamani ta tsaya tare da gwamnatin tarayya alhali Kwaddibuwa da Gabon sun amince da Biyafara, kuma wannan fahimta tana cikin abin da ya kai ga kafa ECOWAS a Legas a 1975. Idan ka ɗora takunkumin da aka sa wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da rufe iyaka da yanke wutar lantarki, a kan ma'aunin da ka yi wa Jamus da Girka, za ka iya yin tambaya iri ɗaya: wa ya yanke shawarar, wa ya ɗanɗana kuɗarta, kuma me ta haifar daga baya, tunda Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. Sakin layi ɗaya ko biyu ya isa ga wannan, kada ya cinye aikin.

Idan ka zo rubutawa, kada ka ɗauki maƙwabta tara gaba ɗaya. Ka zaɓi ɗaya ko biyu, Polan daga gabas da Faransa daga yamma alal misali, ka ɗaura tambaya guda wadda hujja za ta iya amsawa, kamar ko Jamus ta cika alkawuran 1990 ga Polan, sannan ka bi ta shekara bayan shekara, kana nuna abin da aka yi alkawari, da abin da aka aikata, da yadda maƙwabcin ya karɓe shi. Ka bayyana hukuncinka a fili tare da hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayinka, domin mai duba aiki ya fi girmama ɗalibin da ya san raunin maganarsa. Kafin ka miƙa aikin kuma ka sake duba sababbin labarai, don al'amarin bai tsaya ba: a watan Satumba 2024 Jamus ta faɗaɗa binciken matafiya zuwa dukkan iyakokinta na ƙasa saboda batun 'yan gudun hijira, a watan Maris 2025 ta gyara kundin tsarin mulkinta don ta iya cin bashi mai yawa saboda tsaro, a watan Yuli 2025 kuma Polan ta mayar da martani da nata binciken a kan iyakarsu.